Baƙin Bayan Allo

Ƙarfe goma ta gota a Aboabo,
mai ƙosai ta yayyafa wa murhunta ruwa,
fankar kwamfutata kuwa sai huci take
kamar ragon da aka koro tun daga Asawase.

Taswirar kwatocin unguwa nake haɗawa.
Wata uku ina bin lungu da takalmin roba,
ina auna inda ruwa ke shaƙewa
in damina ta zo neman tsohuwar hanyarta.
Yanzu duk suna cikin akwatin nan:
kwalbati ɗari biyu da sha ɗaya,
gadar katako ta bayan shagon Malam Sanda,
da ramin da ya haɗiye akuyar Memuna.

Na ja linzami, allo ya ƙi motsi.
Na ce Kumasi ta matso,
Kumasi ta tsaya tana kallona,
rabi zane, rabi farin fili,
kamar rigar da tela ya ajiye ya tafi salla.

Mutawakilu, mai gyaran waya a Kejetiya,
ya shigo da ledar ruwa a baki.
Ko kallon taswirar bai yi ba.
Ya buɗe wata 'yar taga da ban san da ita ba,
ya ce, Anti Rahinatu, ƙirga.

Na ƙirga. Bakwai.
Sabar bakwai, suna ɗaya, kama ɗaya.
Duk sanda na buɗe manhaja sai ta kira wata
ta riƙa miƙo mata gutsattsarin gari ta bayan labule.
Ni in na rufe, na ɗauka an watse.
Ashe ba wanda ya sallame su.
Ta Litinin na nan, ta Laraba na nan,
sun baje a ƙwaƙwalwar na'ura,
kowace rungume da Kumasin da ba wanda ya tambaya.

Ni da na tashi ɗaki ɗaya mu tara,
na san wannan lissafi.
Tabarma ba ta ƙara faɗi don baƙo ya yi shiru.

Sai hannuna ya riga hankalina.
Na kashe ta farko, ta biyu, fanka ta sassauta,
mulki ya yi mini daɗi,
na kai ga ta biyar,
ashe ita ce ke tsakiyar rubutu.
Aikin yini guda ya bi ruwa:
layin masu wanki kaf,
da kwalbati goma sha huɗu.
Mutawakilu bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya ce, kafin ki kori mutum daga madafa
ki duba hannunsa ko da ƙullu.

Muka zauna muka yanka mata rabo:
giga biyu, ba gyara, ko za ta yi kuka.
Abin da take ɓoyewa don ko-ta-kwana,
in ya kwana uku ba a nema ba, ta zubar.
Hotunan sama masu nauyi su kwanta a faifai
sai an kira sunansu.
In kuma na rufe taga, ta naɗe tabarmarta ta fita,
ni ma in leƙa in tabbatar,
yadda Inna ke taɓa kwaɗon ƙofa sau biyu kafin barci.

Sha biyu saura. Wuta ba ta ɗauke ba tukuna.
Sabar ɗaya, numfashi ɗaya.
Na ja linzami, Aboabo ta taso a hankali,
rufin kwano bayan rufin kwano,
har shuɗin zaren da ya lanƙwaso ta ƙofar gidanmu,
inda bara ruwa ya kai wa Inna gwiwa
tana ɗauke da buhun masara a ka.

Layin masu wanki dai babu shi.
Da asuba zan sake zura takalmin roba.
Hadari na haɗuwa ta wajen Tafo,
shi kuwa ba ya cikin jerin
abubuwan da ake danna wa tsaya.