Kifin Roba a Tiga

Ran kasuwar Rano na saye shi,
ɗari biyar, bayan doguwar tayawa,
a shimfiɗar mai kwaɗo da batir da allura:
ɗan kifin roba, tsawon yatsa,
ido ɗaya ya fi ɗaya girma,
ƙugiya uku na reto a cikinsa.

Baba Ilu na ɗinkin koma a gindin giginya.
Ya juya shi, ya sansana, ya miƙo mini.
"Talle, kifin Tiga ba yaro ba ne.
Shekara arba'in ina tonon tana,
ban taɓa ganin an yi su da abin wasa ba."

Ban ce uffan ba.
Da asuba na tura kwalekwale
can inda kututturan tsohuwar gona
ke tsaye cikin ruwa har wuya.
Na jefa. In ja, in saki, in ja,
ya riƙa ɗingishi kamar mai rauni,
don mafarauci ba ya ƙin gurguwar nama.

Jifa ashirin, ciyawa.
Jifa talatin, warin silifa.
Hantsi ya dubi ludayi, cikina na ƙugi,
sai zaren ya miƙe, ya tsaga mini yatsa.
Giwan ruwa!
Ya yi sama, fari fat, baki buɗe,
ya girgiza kai sau biyu,
ya nutse da kifina da ɗari biyar ɗina.

Na dawo hannu rabbana, ina dariya ni kaɗai.
Baba Ilu ya daɗe yana duban guntun zaren,
ya koma kan ɗinkinsa.

Daren nan na karya cokalin shayi,
na dirje shi da toka har ya ɗauki hasken aci-balbal,
na huda, na ɗaura ƙugiya da jan zare.
Da safe Lantana ta ƙirga cokula,
ta ƙirga kuma, ta dube ni.

Na san ƙarya nake jefa wa ruwa.
To, ni ma ƙyalli ya sha ja na:
ga agogon nan a hannuna,
tun bara yake ƙarfe huɗu.

Da kasuwa ta zagayo
na hango Baba Ilu tsugune gaban mai batir,
yana magana ƙasa-ƙasa:
"Akwai kore?
Ba nawa ba ne, na jikana ne."