Ajiyar Laka

A ƙarƙashin gadar Garwa
Barira ta tsuguna da kwalabe bakwai,
tana ɗibar laka kamar mai awon gero.
Na ce, 'yata, kifi ake nema a Binuwai.

Ta ce, Baba, ka tuna katifar da muka yar?
Da fasassun talabijin na Cindo mai gyara,
da wayoyin da yara ke babbakewa don jan ƙarfe?
Tun a masana'anta aka zuba musu magani
don kada wuta ta ci su.
Abin da wuta ta ƙi, ruwa ya kwaso,
laka ta karɓi ajiya.

Na dubi tarwadar da ke cikin jirgina,
gashin bakinta na motsi.
A laka ta yi kiwo, a laka ta yi ƙiba.
Shekara talatin ina kai irinta gida.

Ba wari, ba launi.
Ruwan ya kwanta har ina ganin furfurata.

Da magariba uwarta ta hura murhu.
Miya ta yi daɗi.
Barira ta ci tuwonta gaya,
ni kuwa na tauna a hankali,
ina laluben ƙayar da harshe ba ya ji.