Takarda Uku a Gwangwani

Sau uku na rubuta, sau uku shiru.
Takardar kira ce, da hatimin direkta,
na ninke ta na sa a jakar Ayan,
na ce, kai wa innarki, taron iyaye ran Asabar.
Asabar ta zo, benci ya cika,
har da mai waina da ta bar tanda a wuta,
gurbin gidan Warsame kuwa ƙuda ya samu wurin zama.

Na ce a raina, baƙo ko da ido makaho ne.
Sun taso daga Somaliya, sun ratso ƙasa da ƙasa,
uban yana bisa titi da babbar mota,
yau Konni, gobe Damagaram,
wa zai tuna da lakwal?

Ayan kuwa, shekara tara, gefen taga.
In lissafi ne, kafin in aje alli ta gama.
In shifta ce, alƙalami ya toge
kamar jakin da ya ga Gulbi ya kawo.

Ran Laraba da la'asar na tura babur
har unguwar Zariya, bayan injin niƙa,
gida mai ƙyauren langa-langa shuɗi.
Tun daga zaure ƙamshin lubban ya tare ni.
Hodan ta shimfiɗa tabarma,
ta kawo shayi, kanumfari ya ji, madara ta ji.
Hausarta ta kasuwa ce: nawa, albarka, sai gobe.
Faransancinta ko kalma.
Ni ma nawa Somaliyancin haka.
Ayan ta zauna tsakani,
tana ɗauko magana daga bakina ta kai wa uwa,
ta ɗauko ta uwa ta kawo mini,
ƴar ƙaramar gada, manyan motoci na bi.

Da na ambaci takarda, Hodan ta tashi.
Ta dawo da gwangwanin madara, ta buɗe a hankali.
Fasfo huɗu, hoton wani tsoho, ɗan kunne guda,
a ƙarƙashi takarduna uku,
an goge su sumul, ko ƙura babu.
Ta ce, takarda mai hatimi ba a wasa da ita,
irinta ce ta hana mu wucewa, irinta ta wuce da mu.
Na adana, ina jiran ranar da za a tambaya.

Shayi ya tsaya mini a wuya.
Ashe makahon da babur ya zo.

Na tambaye ta, wa ya koya wa yarinya lissafi?
Ta yi dariya, ta nuna ƙullin turare a faranti,
na dala goma, na ashirin, na hamsin,
da bashin mata goma sha bakwai,
duk a ka, ba kaye, ba biro.

Na ce, Litinin ki zo.
Ta ce, in yi me, Ma'allin?
Na ce, abin da kike yi.

Ta zo da farantinta, gyale ruwan ƙasa.
Yara saba'in suka yi tsit.
Ta ɗaga yatsa: kow.
Ɗan Tambai ya tuntsire, saura suka bi.
Ba ta ji haushi ba. Laba. Saddeh.
Kafin tashi, aji na saye da sayarwa,
ana canji da harshe uku,
Ayan tana gyara wa ɗan direkta kuskure.

Shifta har yau tana ba ta wuya,
ba zan ce an yi sallah ba tun wata bai tsaya ba.
Amma na daina aiken takarda.
Ƙafa nake aikawa, ko murya a waya,
Ayan ta juya ta, Hodan ta amsa.
Asabar ɗin nan ita ta riga kowa,
ta zauna gaba, ta ce a rubuta:
tagar ajinmu tana son gyara kafin damina.