Mai Gyaran Ganuwar Kartahena

Da asuba nake zuwa, kafin rana ta yi baki,
da cokalin gini da bokitin farar ƙasa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin wannan ganuwa,
gishirin teku na farkewa, ina bi ina liƙewa,
har yau a cikinmu ba wanda ya ce ya gaji.

Matso ka duba, dutsen nan ɗan ruwa ne.
Murjani ne aka saro daga gindin teku,
aka jera shi ya tare uwar da ta haife shi.
Igwogin da ke bisa sun daɗe da yin shiru,
yara na hawan su kamar jakuna,
masoya na zama a tagogin da aka huda don wuta.

Ranar Talata na ɓamɓare wani tsohon shafe,
sai ga sawun babban yatsa a ƙarƙashi.
Na ɗora nawa a kai, ya zauna daram.
Takardun Sifaniyawa sun riƙe sunan gwamna,
sun riƙe na injiniya, da kuɗin da aka kashe,
amma mai yatsan nan da jirgi ya kawo a ɗaure,
ban san ko uwarsa ta ji inda ya ƙare ba.

Ƙarfe tara jirgin masu yawon buɗe ido ya sauke kaya.
Ga su nan jajur, hula da tabarau,
suna bin ’yata Remediyos da ke ɗaga laima.
Tana nuna musu ƙofofin attajiran da,
da ƙarfen ƙwanƙwasa na kowace ƙofa:
zaki na soja, kifi na ɗan kasuwar teku,
ƙadangare na masu jinin sarauta.
Ƙofarmu a Getsemani ba ta da ko ɗaya,
da tafin hannu ake buga ta.
Bara ma aka saye ta, yanzu otal ce,
ɗakin da aka haife ni dala ɗari biyu a kwana.

A dandalin da ke bayan hasumiyar agogo,
inda aka taɓa duba haƙoran mutane kafin a yi ciniki,
Nikasiya ’yar Palenke na tsaye da daro a ka,
mangwaro, abarba, gwanda a yanke,
rigarta rawaya da shuɗi da ja.
Kakanninta ne suka tsere daji suka kafa gari.
Yau hotonta ya fi mangwaronta kasuwa.
Ta ce mini, “Anselmo, wuyana ne ke ciwo, ba tarihi ba,
a biya kafin a ɗauka.”

Wata mata ta roƙe ni in ɗan matsa,
bokitina na ɓata mata hoto.
Na matsa. Ba ta yi laifi ba,
bango ta zo gani, kuma bangon ya isa a gani,
musamman da la’asar, in ya koma launin zuma,
furanni na zubowa daga barandar katako,
ƙararrawar coci na faɗawa cikin ruwa.
Ni ma ina son garin nan, kar ka ji ni daban.
Ana son uwa ko da ta taɓa duka.

Na kira Remediyos ta ga yatsan.
Ta yi shiru, ta ce, “Baba, in sa shi a cikin zagaye?”
Na ce a’a, hannaye dubu za su shafe shi a wata guda.
Na kwaɓa ƙasa, na rufe shi a hankali
kamar mai lulluɓe wanda barci ya kwashe,
sannan, tun shafen yana ɗanye,
na duba hagu da dama,
na danna nawa a gefensa.