Gida Mai Taya Shida

Mun sayar da gidanmu na Duluth ranar Talata.
Shekara talatin da ɗaya, ɗaki bakwai,
da matakalar da gwiwar Orrin ta daina gaisawa da ita.
Ranar Juma'a muna tsaye a filin dillali a Elkhart,
fararen motoci a jere har inda ido ya gaji,
kowacce da gadonta, da murhunta, da makewayinta.

Dillalin, Thad, sa'an autanmu ne.
Ya kai mu gun wata doguwa, ƙafa arba'in.
Ya danna maɓalli, bangonta ya kumbura waje
kamar ƙirjin mai jan numfashi.
Firji mai ƙofa biyu. Talabijin uku.
Orrin ya shafa sitiyari, idonsa ya koma na ɗan shekara ashirin.
Ni kuwa ina lissafi a zuci:
mil bakwai a galan guda,
gadojin da za su yi mata aski,
da ranar da zazzaɓi zai kwantar da shi,
ni ce zan ja wannan giwa
a kan duwatsun Montana, da dare, ana ruwa.

Na ce, "Thad, ba mu minti ashirin. Ja mana ƙofar."

Haka muka yi wa mota goma sha ɗaya.
Nakan shiga makewayi in rufe,
in ga ko gwiwata za ta daki ƙyaure.
Mu kwanta, shi ta bango, ni ta baki,
sai ya miƙe kamar ƙarfe ukun dare ne,
mu ga ko dole sai ya tsallake ni.
Har faɗan ƙarya muka yi,
na juya baya ina neman inda zan zauna in huce.
A wasu babu wurin.

Mai hutun mako biyu taga yake dubawa.
Mai niyyar yin Janairu a ciki
sai ya durƙusa ya leƙa bututu,
ya tambayi sanyi ta ina zai shigo.
Tankin ruwa, galan arba'in.
Tumatirina kaɗai sun sha fiye da haka a yamma ɗaya.

A jikin ƙofa akwai 'yar takarda rawaya:
kaya kada su wuce laba dubu da ɗari shida,
har da mu, har da ruwa, har da kare.
Nan na fara ɗora rayuwata a sikeli.
Keken ɗinkin mahaifiyata, laba talatin.
Tukunyar ƙarfe, goma sha biyu.
Kwalin zanen yaranmu tun suna firamare.
Fiyano kam ba mu ma ambace shi ba.

Tana can ƙarshen fili, kusa da waya,
'yar ƙafa ashirin da huɗu, ta hannu, shekararta tara.
Takinta ɗaya ne, kuma gajere;
Orrin ya shiga bai riƙe komai ba.
Ni na hau tsani na bi rufinta da babban yatsa,
ina neman laushin da yoyo ke bari. Ban samu ba.
Cikinta ƙamshin tsohon kofi.
A bayan murfin kabad wani ya yi rubutu da fensir,
garuruwa da watanni, layi bisa layi,
Moab, Yuma, Port Aransas,
na ƙarshe Quartzsite, Fabrairu.
Daga nan katako ne fari har ƙasa.

Thad ya ce yana da sababbi da suka fi ta.
Na ce na sani.

Wurin cike takardu aka zo layin adireshi.
Orrin ya daɗe riƙe da biro,
sannan ya rubuta na 'yarmu, Linnea, a hankali,
kamar mai aron rigar wani.

Ni na tuƙo ta muka fito.
Na ci gefen titi a kwanar farko,
cokula suka yi ihu a aljihun tebur,
karen ya koma ƙarƙashin gado.
Orrin yana lalube a jakata.
Na ce me kake nema?
Ya ce fensir.