Ƙullin Baba

Faifai uku na tarar a ƙasan akwatinsa,
an naɗe su a leda, an ɗaure da roba.
A bayan kowanne da rubutun hannunsa:
na ɗaya, na biyu, na uku, kada a raba.

Shekara ashirin yana buga takardu a Samaru.
Abin da ya tara bai shiga faifai ɗaya ba,
sai ya matse shi, ya ƙulle, ya kasa uku,
kamar mai daddawa da ganye bai ishe ta ba.

Na kai wa kwamfutata, 'yar bana-bakwai.
Ba ta ma da bakin da za ta karɓa.
Na aro mata baki a Kongo, ta haɗiya,
ta yi jim, ta ce ba ta san wannan ƙulli ba.
Manhaja huɗu na jarraba a dare guda.
Ɗaya ta ce fanko ne.
Ɗaya ta ce ya lalace.
Biyu ko sallamata ba su amsa ba.

Aka ce in nemi Jatau a Sabon Gari,
bayan masu sayar da batir, kusa da kwata.
Ya juya faifan, ya hura, ya yi dariya:
"Kowane allazi da nasa amanu, 'yata.
Wanda ya ɗaure wannan ya riga ki haihuwa,
sai mu tashi tsararsa daga barcinta."

Ya jawo wata daga ƙarƙashin benci,
launin ƙashi, gizo-gizo ya yi mata mayafi.
Aka ɗauke wuta. Muka jira har la'asar.
Da ta dawo, tsohuwar ta yi tari, ta yi nishi,
baƙin allo, farin rubutu,
ɗigo ɗaya yana ƙifta mana ido.

Ta ci na ɗaya, ta nemi na biyu.
Ta ci na biyu, ta nemi na uku.
A na uku ta yi ta gurnani kamar dutsen niƙa,
ni kuwa na riƙe numfashi, na riƙe gefen teburi.

Sai ƙulli ya saki.

Sunayen duk an datse su a harafi takwas.
Nawa ya tsira da kyar, na Hajiya ya rasa wutsiya.
A ciki, duk inda Baba ya sa ƙa ko ɗa ko ɓa
wani ɗan akwati ne zaune a gurbinsa.
Wasiƙa ce gare ni, tun ina rarrafe.
Layin farko ya ce yana aunata.

Jatau ya ce zai nemo haruffan asali,
in dawo ranar Laraba.
Na ce ya bari.
Na san ƙugiyar da ta faɗi a hanya,
zan mayar da ita da bakina.