Ƙirga Shiru

Malam Jatau, jiya na bi ta Agege,
jirgin ƙasa ya yi kuka a mararraba,
na tsaya cak da ledar tumatir a hannu
ina jiran ka ɗaga yatsa ka ce,
"Kun ji? Wannan maƙogwaron bai sha ruwa ba."

Haka kake. Ba ƙarar da ke wuce ka a banza.
Hon ɗin danfo, kiran mai burodi,
janareton maƙwabta da ke tari tun magariba,
ruwan Yuni a kan kwanon aji,
duk ka ce ɗalibanka ne, tarbiyya ce ba su samu ba.

Mu talatin da bakwai, begila huɗu,
ganga biyu, ɗaya an ɗinke ta da zaren takalmi.
Kehinde ya samu begila, Nkechi ta samu sarewa,
ni mai muryar tsaga tukunya
ka miƙo mini faifan ƙarfe biyu,
ka ce, "Sallau, aikinka shiru ne.
Ƙirga talatin da biyu, ka buga sau ɗaya."
Na je gida da hawaye, na ɗauka kora da hali ce.
Sai da gemu ya fito mini na gane
wanda ya iya jira shi ke riƙe da kiɗan.

Sandar jagorarka guntun eriyar rediyo ce.
Ba ta taɓa sauka a bayan kowa ba,
teburi ne dai ya sha wuya.

Shekarar da ruwa ya ci layinku a Oniwaya
ka ɗora kayan kiɗan makaranta kan gado,
ka kwana a kujera, ƙafa cikin ruwa.
Inna Kande har yau tana faɗa tana dariya,
dariyar da ke ƙarewa a gefen mayafi:
"Kada in ɗauki alhakinsa, mu ya fara fitarwa,
amma da ya koma ciki, ba don akwatina ya koma ba."

Albashi ya zo ko ya maƙale a hanya,
za a gan ka da yamma, burodi biyu a hammata,
Talle a kafaɗa yana kaɗa maka hula,
kai kuma kana gyara masa bugu.

Begilarka ta kanka, ta zamanin bandin 'yan sanda,
wadda kake gogewa duk Asabar
don kada gishirin teku ya cinye ta,
makon da Lantana ta ci makarantar jinya a Idi-Araba
sai ta ɓace daga ƙusa.
Ba ka ce uffan ba, ba mu tambaya ba.
Ƙusar na nan. Shatinta ma na nan a bango.
Tun daga ranar da leɓe kake busa mana,
kumatu a cike, yatsu suna danna iska.

Lantanar ce ta riƙe ka a daren ƙarshe.
Ta ce yatsunka na bugun ƙarfen gado,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ɗaya, biyu,
sai suka dakata.
Ta ce ta daɗe ba ta kira kowa ba,
ta ɗauka hutu ne irin wanda kake koyarwa.

A maƙabarta Kehinde ya iso daga Ikorodu
da begila cikin jaka, gashi duk ya yi fari.
Bai buɗe ta ba. Ya rungume ta kawai
har aka gama zuba ƙasa.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.
Ni yanzu walda nake a Oshodi,
yini guda ƙarfe ke yi mini ihu a kunne,
amma ƙirgar ba ta bar ni ba.
Na wuce talatin da biyu tuntuni, Malam.
Hannuwana na nan a buɗe.
Ɗaga eriyar mana.